Fulogin jabu daga kasuwar intanet ya ƙona mini koyil a kan gada

Tauraro biyu na fara ba mai kayan nan, su ma albarkacin yaron da ya kawo saƙon a babur ne, don ya ratsa cunkoson Oshodi ya same ni a Agege kafin la'asar. Abin da ke cikin ledar kuwa ko rabin tauraro bai cancanta ba.

Corolla ce gare ni ƙirar 2010, da ita nake haya, da ita nake ciyar da iyali a nan Legas da kuma can gida. Lokacin canza fulogi ya yi, sai na ga talla a ɗaya daga cikin kasuwannin nan na intanet: fulogi huɗu na iridiyum (wani ƙarfe mai juriya da ake sa wa a tsinin fulogi), an rubuta Denso, wato kamfanin da ke ƙera su, an rubuta na asali, ga hoton kwali mai tambarin Toyota da lamba 90919-01253, wadda ita ce ta injin motata. Kada wani ya ce mini araha ba ta ado, domin ba araha na saya ba. Kaɗan ne ya rage a kan farashin Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, daidai yadda za ka ɗauka mutum ne mai neman ciniki da sauri. Masu sayar da jabu sun gane cewa in suka karya farashi warwas kowa zai gudu, shi ya sa yanzu jabu ma tsada yake yi.

Da aka ɗaura, mota ta tashi lafiya lau, har na yi wa mai kayan saƙon godiya. Ba a jima ba abin ya bayyana, kuma bai tashi bayyana a ko'ina ba sai a tsakiyar gadar Third Mainland, ina ɗauke da wata mata da ɗanta ƙarami za su Ikoyi. Motar ta fara kakkarwa, na taka totur ta ƙi ja, fitilar inji ta kama walƙiya a dashbod. Duk wanda ya san gadar nan ya san tsawonta ya kusa kilomita 12, ruwa hagu ruwa dama, ga motoci na zuwa a guje ta baya. Matar tana ta salati, yaron yana kuka, ni kuma na kunna fitilar haɗari ina lallaɓawa a gefe har muka sauka ta Adeniji Adele. A nan ta fita ta nemi wata mota, ban ga laifinta ba. Har yanzu in na tuna fuskar yaron nan raina ɓaci yake yi, saboda wani ya zauna a shagonsa ya sayar mini da wannan tashin hankali da saninsa.

Bakanikena ya jona na'ura ta nuna P0302, wato silinda ta biyu ba ta ƙona mai. Da ya zaro fulogin sai ya ce, "Maigida, wa ya sayar maka da wannan?" Siririn tsinin da ake cewa iridiyum ne ya narke ya tafi, tazarar da ya kamata ta tsaya a milimita 1.1 ta buɗe sosai, koyil ɗin da ke kansa ya yi ta wahalar tura wuta har ya tsage. Fulogi na gaske kan yi sama da kilomita dubu ɗari, wannan ko canjin baƙin mai ɗaya bai kai ba. Ya kuma ce da na ci gaba da tafiya da ita a haka, ɗanyen man da ke sauka salansa zai cinye indomin, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, kuma kun san kuɗin wannan.

Allah ya sa bai zubar da tsofaffin ba, waɗanda suka zo da motar. Ya jera su a kan benci, tsoho da sabo, ya ce in duba da idona. Rubutun da ke jikin farin tangaran na tsohon yana nan daram duk da shekarunsa, na sabon kuwa da ya goga da tsumma mai fetur sai ya fara dusashewa. Zaren tsohon sumul, na sabon kaushi, har da ɓurɓushin ƙarfe. Washar da ke gindin zaren, a na gaske ba ta fita sai ka yi da gaske, ta jabun da yatsa biyu ya zare ta. Ko kwalin ma, launinsa ya fi na hoton tallar haske, rubutun ƙanana ya ɗan dame. Hoton da aka saka a talla na kayan gaske ne, abin da aka aiko daban, kuma ta waya ba yadda za a yi ka gane hakan.

Na kira mai kayan. Da farko ya ce kayan wuta ba a mayarwa, wai bakanike ne bai iya ɗaurawa ba. Da na tura masa hotunan tsoho da sabo sai ya sauko, ya ba ni haƙuri, ya ce shi ma dila ne ya cuce shi, zai aiko da wasu kyauta. Gaskiya a lokacin zuciyata ta yi sanyi, na ce ɗan kasuwa ma yana iya faɗawa hannun mugu, har na yi niyyar ƙara masa tauraro ɗaya.

Saƙo na biyu ya iso, ban bari an ɗaura ba, na kai gareji a rufe. Iri ɗaya sak da na farko: washa tana lilo, rubutu yana gogewa. Mutumin da ya ce an cuce shi, daga kwalin nan dai ya sake ɗebo mini. Na sake kira, ba ya ɗauka. Na nemi shagon a manhajar, ya ɓace, sai ga hotunan nan nasa da rubutun nan nasa a ƙarƙashin wani sabon suna, da yabo jere a ƙasa duk an rubuta su kusan rana ɗaya, duk kalmomi iri ɗaya. Na kai kuka ga masu kasuwar, suka ce su haɗa mai saye da mai sayarwa kawai suke yi, kuɗi kuma ta banki ya nemi a tura masa kai tsaye. To wa ke tantance wanda yake rubuta "na asali" a shafinku? Yau fulogi ne, gobe birki ne, ko bol-joyin na motar da ke ɗauke da fasinja.

Na janye taurarin, saura ɗaya, shi ma don manhajar ba ta yarda a ba da sifili. Fulogi da koyil kuwa da ƙafata na je Ladipo tare da bakanike, tsohon yana aljihuna, aka buɗe kwali a gabanmu, ya gwada washar, ya goga rubutun, sannan na biya aka ba ni rasit mai sunan shago. Mota ta koma daidai. Hotunan fulogin, da shaidar tura kuɗi, da hirarmu ta WhatsApp duk na haɗa su zan shigar da ƙorafi a FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, in kuma sanar da hukumar SON mai kula da ingancin kaya, domin kuɗin koyil da na ranar da na yi asarar haya ban yafe ba.