Kafin Ka Zaɓi Abin Kulle Takardun Mutane a Kwamfutarka

Ko kai lauya ne, ko akanta, ko mai asibitin kuɗi a Bauchi, tambayar ɗaya ce: in aka ɗauke maka kwamfuta yau, ɓarawon zai iya karanta takardun gado da na filaye da mutane suka damƙa maka amana? In kalmar sirrin shiga Windows ce kaɗai kariyarka, tsaf zai karanta. Faifan ajiyar kwamfutar kawai zai cire ya jona a wata na'ura. Kuma tun da dokar kare bayanai ta 2023 ta fara aiki, maganar ta wuce jin kunya: hukumar kare bayanai ta Najeriya, NDPC, na iya cin ka tara, kuma awa 72 doka ta bayar a sanar da ita in bayanai sun fita ta yadda za su cutar da masu su.

Ni dai VeraCrypt, wata manhajar kulle fayiloli, nake nuna wa kowa. Kyauta ce, ta fito a 2013 daga tsatson TrueCrypt, kuma lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke, masana sun bi ta sun bincika. Za ka ƙirƙiri fayil guda mai girman da kake so, ka ce giga 50, ka sa masa doguwar kalmar sirri. In ka buɗe, sai ya fito kamar filash, ka zuba takardu. In ka rufe, ko mai gyaran kwamfuta ya kwafe shi, shirme kawai zai gani. Ba ta cin data, ba ruwanta da intanet, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Sharaɗinta ɗaya ne mai zafi: ka manta kalmar, babu wanda za ka kira. Rubuta ta a takarda, ka adana a gida, ba a aljihun teburin ofis ba.

BitLocker, manhajar kulle faifai da ke zuwa cikin Windows, ita ma tana da kyau, amma cikakkiyarta a Windows Pro take, kuma ranar da ta nemi makullinta mai lamba 48 ne mutum ke tuna bai ajiye ba. Google Drive na ba da giga 15 kyauta, sai dai makullin na hannun Google. In dole ne ka ɗora takardu a can, ka kulle su da manhajar Cryptomator tukuna. Filash mai madannan lamba irin IronKey? Kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramin ofis. Tura wa kai takardu a WhatsApp kuwa ba ajiya ba ce.

Abin da na fi dubawa yanzu shi ne abin da za a ajiye a kai, don an taɓa sayar wa ofishinmu filash mai rubutun giga 128, ashe cikinsa bai kai ko kusa ba. Dabarar 'yan damfarar ita ce su sa filash ɗin ya yi wa kwamfuta ƙaryar girmansa. In ainihin wurin ya cika, sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho. Sunayen fayiloli na nan reras, ka danna su ƙi buɗewa. Ga mai VeraCrypt abin ya fi muni, tunda komai a fayil ɗaya yake.

Kada kwali ya ruɗe ka. Jabun SanDisk da Kingston har hatimi mai ƙyalli gare su. Haka faifan waje: wani tsohon faifai ne aka sa wa sabuwar riga, wani ma ƙaramin katin memori ne aka manna a ciki. In mai shago ya karya farashi ƙasa da rabin na kasuwa yana cewa “ai na Dubai ne, Alhaji”, ajiye masa. Gwada duk abin da ka saya da H2testw, manhajar kyauta da ke cika shi ta sake karantawa. Tana cin awanni, don haka ku yi yarjejeniyar mayarwa kafin ka biya. Ita kanta VeraCrypt ɗin, daga shafin masu ita za ka sauke, ba daga filash ɗin mai shagon sa manhajoji ba.

Sayi faifai biyu, ka gwada kowanne, ɗaya ya zauna a ofis, ɗaya a gida, ka riƙa sabunta kwafin duk ƙarshen mako.