Drupal ko WordPress: ina shafin kamfanin littattafanku zai koma?

Malam, ka ce kamfaninku yana wallafa littattafan firamare da sakandare cikin Hausa da Turanci, shafinku na intanet yana kan Drupal 7, wata manhajar gina shafi, tun da aka gina shi, kuma masu gina shafi biyu sun kawo muku tayi. Ɗaya ya ce a koma sabon Drupal, ɗayan ya ce a tattara a koma wata manhajar, wato WordPress, kowannensu kuma ya yi alkawarin jona muku AI. Kana so ka san wanne za ku ɗauka.

Tashi dai ya zama dole. Drupal 7 ya fito a Janairun 2011, kuma tun ranar 5 ga Janairun 2025 masu kula da shi suka daina fitar masa da gyaran tsaro. Duk ɓarakar da aka gano bayan wannan rana a buɗe take, sai fa idan kuna biyan wani kamfani ya riƙa toshe muku. Shafin da ke riƙe da sunayen malamai da lambobin wayarsu bai kamata ya zauna haka ba.

Kada sunan ya sa ka zaci komawa Drupal 10 ko 11 ɗan gyaran fuska ne. Tun daga Drupal 8, wanda ya fito a 2015, aka sake ginin daga tushe. Akwai hanyar kwashe rubuce-rubuce da sunayen masu rajista zuwa sabon, amma fasalin shafin da duk wani abu da aka rubuta muku na musamman sai an sake su. Saboda haka ko wanne kuka zaɓa, sabon gini za ku biya.

Inda Drupal ya yi wa WordPress fintinkau shi ne tsara kaya masu rassa da yawa, kuma littafin makaranta irin wannan kaya ne. Littafi ɗaya yana da aji, da darasi, da harshe, da bugu na nawa, da lambar ISBN, da jagorar malami, da littafin aiki, da wurin da ya dace da shi a manhajar karatu ta hukumar NERDC. Drupal yana zuwa da duk abin da ake buƙata a tsara wannan a cikinsa, har da shafi mai harshe biyu, da tsarin da edita zai rubuta, wani ya duba, na uku ya amince kafin a saki. A WordPress kuwa kowanne sai ka jona masa fulogin, wato ƙaramar manhajar da ke ƙara masa aiki: ACF domin bayanan littafi, Polylang ko WPML domin harsuna, WooCommerce domin ciniki. Kowanne da mai shi, wasu kuma ana sabunta lasisinsu duk shekara da dala. Mafi yawan kutsen da ake yi wa shafukan WordPress ta waɗannan fulogin ake shiga, har da na sata da wasu masu gini ke saukewa kyauta su ɗora wa mutum ba tare da ya sani ba. In kun je wannan ɓangare, a sayi kowane lasisi da sunan kamfaninku, a ba ku rasit.

Shi kuma WordPress ƙarfinsa mutane ne. Ya fito tun 2003, kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a kansa suke. Idan wanda ya gina muku ya tafi ko kuka saɓa, ba za ka sha wahalar samun wani a Kano ko Kaduna ko Zariya ba. Masu Drupal na gaske kuwa ba su da yawa a wajenmu, kuɗinsu ya fi tsada, kuma sabon Drupal yana son mai kula da shi wanda ya iya aiki da Composer, kayan aikin da ake rubuta wa umarni domin girkawa da sabunta shi, ba wanda ya saba da danna maɓalli kawai ba. Ma'aikaciyar da ke ofishin talla za ta koyi ɗora sabon littafi a WordPress cikin yini guda. Ga batun karɓar kuɗi: Paystack da Flutterwave duk suna da fulogin nasu na WooCommerce, mai makaranta ya biya da kati ko taransifa. Drupal Commerce ma yana ciniki da kyau, amma sai ka sa mai ginin ya nuna maka abin da zai haɗa shi da Paystack, da ranar ƙarshe da aka sabunta shi.

Ni a ganina, idan littattafanku ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma ba ku da injiniya na dindindin a ofis, ku koma WordPress. Idan kuwa kuna shirin zuba dubban darussa, da editoci da yawa, da makarantu masu shiga da lambar sirri, Drupal ya cancanci tsadarsa. In darasi da jarrabawa za a riƙa yi a intanet, wannan aikin Moodle ne, manhajar da aka yi domin koyarwa, a ajiye shi gefe a haɗa su.

Abin da ya fi damuna a ƙaurar nan, kuma na tabbata ba a sa shi a tayin ba, shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Tsofaffin fayilolin Hausa da yawa an buga su da wasu nau'ukan rubutu da suka ɗora ƙ da ɗ a kan maɓallan wasu alamomi. A kwamfutar da aka buga su komai daidai yake, amma da zarar an kwafe zuwa shafi sai ka ga "}asa" a maimakon ƙasa, "]aya" a maimakon ɗaya. Dole a bi su a mayar da su Unicode, tsarin haruffan da kowace na'ura ke ganewa, kafin a kwashe, a kuma tabbatar rumbun bayanan sabon shafin yana kan utf8mb4, saitin da ke ɗaukar haruffan Unicode duka. Sannan akwai bincike: yawancin malamai a waya "kididdiga" za su rubuta, ba "ƙididdiga" ba. Idan ba a saita akwatin bincike ya ɗauki k da ƙ a matsayin abu ɗaya ba, zai ce babu littafin alhali yana nan, ciniki ya wuce. Haka kuma tsofaffin adireshi irin node/245 da Google ya riga ya sani, da waɗanda ke yawo a WhatsApp: kowanne a yi masa turawa ta dindindin, wadda ake kira 301, zuwa sabon wurinsa, in ba haka ba mutane za su riƙa cin karo da saƙon 404 mai cewa babu shafin.

Batun AI kuwa, bai kamata ya shiga zaɓin dandali ba. Drupal yana da nasa kayan haɗawa, WordPress ma yana da su, amma galibi aika tambaya suke yi zuwa wani kamfani na waje, irin su OpenAI ko Google ko Anthropic, amsa ta dawo, a caje ku da dala. Rubutun Hausa kuma ya fi na Turanci cin kuɗi a irin wannan lissafi, domin ana yanka shi gutsi-gutsi fiye da Turancin. Abin kwatantawa shi ne irin AI ɗin da kowane mai gini yake nufi.

Akwai na bincike, wanda malama za ta rubuta "littafin lissafi na aji huɗu mai jagorar malami" ya fito mata da shi ko da kalmominta ba su yi daidai da sunan littafin ba. Wannan yana da araha, kuskurensa kuma bai wuce ya nuna littafin da ba shi aka nema ba. Akwai kuma mai hira, wanda ɗalibi zai yi wa tambaya ya amsa. Wannan shi ne mai ɗaukar ido, shi ne kuma mai haɗari, domin yana iya ƙirƙiro amsa ya faɗe ta kamar gaskiya, a ƙarƙashin tambarin kamfaninku, ga yaron da ke shirin NECO ko WAEC. Idan za a yi shi, a ɗaure shi ya amsa daga littattafanku kaɗai, ya ambaci littafi da shafi, in bai samu ba ya ce bai samu ba. Hakan ma ba zai yiwu da PDF ɗin da aka ɗauki hotonsa da na'ura ba, sai an mayar da shi rubutu, mutum ya bi ya gyara. Ku duba yarjejeniyarku da marubuta ko ta ba ku damar aika rubutunsu waje. Ku kuma tuna dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta buƙaci izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yara, masu amfani da mai hirar nan kuwa yara ne.

Saboda haka ku fara da na bincike, mai hira ya jira sai rubutun ya tsaftata. Kafin ku sa hannu kuma, ka ba kowane ɗaya daga cikin masu ginin littattafai ashirin na Hausa daga tsohon shafin, ka ce ya kwashe su zuwa shafin gwaji. Ka buɗe da wayarka da ƙaramar data, ka nemi littafi ba tare da lanƙwasa ba, ka danna tsohon adireshi, sannan ka sa ma'aikaciyarku ta ɗora sabon littafi da kanta a gabansa.