Gargaɗi ga masu tsofaffin bas: injin da suka karɓa a hannunka shi za su sayar wa na bayanka da sunan Beljiyam

Assalamu alaikum 'yan'uwa direbobi da masu motocin dakon kaya. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya tura wa wanda ya sani mai tsohuwar bas da injinta ya fara gajiya, domin irinmu ake farauta. A kaina abin ya faru, ba ji na yi a teburin mai shayi ba.

Motata Toyota Hiace ce, wadda muke kira Homa, ƙirar 2008, mai injin fetur 2TR. An cire kujerun baya, kaya nake ɗauka da ita: katan-katan na taliya da sabulu da man girki daga Kasuwar Singa zuwa shagunan Wudil da Gaya, wani lokaci har Dutse. Mitarta ta haura kilomita 430,000. Da ita nake ciyar da gidana, yaron motata ma da ita yake riƙe mahaifiyarsa.

Tun bara ta fara shan baƙin mai. Da safe in na tayar da ita sai shuɗin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida, in kuma na yi lodi ta kama hawa sai ka ji tana nishi. Na kai wa bakanikena, dattijon da ya shekara tara yana taɓa motar nan. Ya cire fulogogi ya jera su a kan tsumma, ya nuna mini na uku, baƙi ƙirin, ya jiƙe da mai. Ya ce, "Ɗana, injinka bai mutu ba, gajiya ya yi. Ringi ne da robobin bawul. Ka ba ni sati biyu in sauke shi in yi maka aikin da za ka manta da ni." Sati biyun nan ne ya tsaya mini a rai. Wanda yake cin abinci da taya ya san abin da ake nufi da mota ta kwana goma sha huɗu a gareji: masu shaguna ba za su jira ka ba, wani za su kira.

A cikin wannan hali na ci karo da wani bidiyon tallan injina a Facebook. Injina sun kai goma a jere a ƙasa, suna ƙyalli, wani yana zagaya su da waya yana cewa saukar kwantena ce ta wannan makon. Farashin ya yi ƙasa da na kasuwa sosai, kuma in ka kawo tsohon injinka za a sake rage maka. Garanti wata guda. A ɗora maka a yini ɗaya, gobe ka koma hanya. Kowa ya san yadda kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta faɗi a bayansa. Injin da a da za ka yi adashi ka saya, yanzu sai ka sayar da fili. To wanda aka ce masa ga mai sauƙi, kuma ba zai rasa ko kwana biyu na aiki ba, sai Allah ya tsare shi kawai. Na faɗa wa dattijon, ya ce in jira ya rako ni ranar Asabar. Mai injinan kuwa ya bugo ya ce, "Alhaji, saura biyu, kuma akwai wanda ya taso daga Gusau." Ban jira Asabar ba.

Ba shago ba ne a cikin kasuwa. Wani kango ne a bayan gari, da ƙofar langa-langa. An tarbe ni da "ranka ya daɗe", an kawo kujera da ruwan sanyi. Injin yana kan tsohuwar taya, an riga an haɗa masa batir da galan na fetur. Bugu ɗaya ya tashi, sautinsa lafiya lau, ba ƙwanƙwasa, ba hayaƙi. Bai yi minti guda ba suka kashe, wai babu ruwa a jikinsa kada ya yi zafi. Na ɗora hannu a kansa na ji shi da ɗumi sosai, ɗumin da minti guda ba ya kawowa. A lokacin ban ba abin muhimmanci ba. Yanzu na san sun ɗumama shi ne kafin in iso, domin inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa.

Da za a biya, lambar asusun da aka ba ni sunan wani ne daban. Ya ce na ƙaninsa ne. Rasit ɗin da ya rubuta babu lambar inji, babu adireshi, "inji ɗaya Beljiyam" kawai da sa hannu. Bakanikensu ne ya ɗora, kuma tun kafin a gama ɗaure na sabon, an riga an cusa nawa a bayan a-kori-kura an fita da shi.

Sati na farko ban ga komai ba sai ɗan nauyi da take yi da safe. Da na je wurin dattijon ya ce komai kyan inji, man da ya zo da shi ba a yarda da shi, a juye. Ya kwance notin ƙasa, muka tsuguna muna kallo. Abin da ya fito ba ya zuba, jan jiki yake yi kamar maɗi, yana warin man giya. Ya shafa a yatsa ya ɗaga wa rana, sai ga ɗigo-ɗigon ƙarfe suna walƙiya a ciki. Bai ce komai ba, ya dube ni kawai, ni kuwa na ji cikina ya ɗuri ruwa. Da aka zuba mai na ƙa'ida, injin yana yin zafi fitilar mai ta fara ƙiftawa, ƙwanƙwasa ta fito daga ƙasa. Kaurin man nan shi ne ya toshe gibin da ke tsakanin metal da karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa da matashinta, shi ya rufe bakin injin har aka karɓi kuɗina. Na lallaɓa ta don in sauke kayan mutane da na riga na ɗauka, a rana ta goma sha biyu, na ɗan wuce gadar Wudil, injin ya buga. Janwe ne ya dawo da mu Kano cikin dare.

Da aka buɗe shi, babu abin da ya haɗa shi da ƙasar waje. An sha yanke karanshaf har ya kai ƙarshe. Fistin ɗaya ba irin sauran ukun ba ne. Hanyoyin ruwa duk tsatsa. Injin gida ne da ya gama yawonsa a titunanmu, aka haɗa shi da tarkace, aka wanke da fetur, aka fesa fenti.

Na koma da rasit. Mutumin da ya ce mini ranka ya daɗe ya ce garanti ba ya hawa kan wanda ya canza mai ba da izininsu ba. Na ce to a ba ni tsohon injina. Ya ce an tura Legas. Kwana biyu bayan nan lambarsa ta daina shiga, shafin ya ɓace, kangon kuma na tarar da kwaɗo. Maƙwabta suka ce haya suka kama ta 'yan watanni.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne abin da na gani bayan sati uku. Yaron motata ya miƙo mini waya hannunsa yana rawa. Sabon shafi, sabon suna, wani kangon daban, amma muryar ita ce. Na uku a layin injinan, an wanke shi tas, ga ƙarfen da ke riƙe altaneta da ɗinkin walda a karkace. Ni na tsaya a kan mai waldar nan a Gaya shekara biyu da suka wuce, ranar da ƙarfen ya karye mini a hanya. Injina ne. Ana nuna shi ana cewa saukar kwantena.

A nan na gane yadda sana'ar take. Ba su da kwantena, ba su taɓa shigo da ko noti ba. Jarinsu shi ne injin da suke karɓa a hannunmu da sunan musaya. Su karɓi naka mai gajiya a banza, su ba ka na wanda suka cuta kafin kai, su wanke naka su jira na gaba. Ragin da suke yi maka ba ragi ba ne, da shi suke sayen kayan damfarar gobe. Kuma wanda aka karɓe wa inji ba shi da wurin komawa: da nawa yana hannuna, da ringi da robobi sun tashe shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Hadisin yana cikin Muslim. Wannan fenti a sama, tsatsa a ciki, shi ne ainihin abin.

Ba ina cewa babu injin Beljiyam na gaskiya ba. Akwai, kuma akwai 'yan kasuwa masu tsoron Allah a Ƙofar Ruwa da Panteka da Ladipo waɗanda suka shekara da shekaru a rumfa ɗaya, suna da ƙungiya da shugabannin da za ka kai wa ƙara. Bambancin ke nan da mai kango da lambar WhatsApp. Amma ko a wurin mai rumfa, ga abin da dattijon ya nuna mini a kan gawar injin da na saya, abin da minti goma ya isa a duba.

Fara da tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi. Injin da ya fito daga ƙasar sanyi da tamostat ɗinsa yake zuwa, mu ne nan muke cire shi da sunan maganin zafi. Noti biyu ko uku ne, a kwance a gani. In babu shi, injin ya sha hannun bakaniken gida. Leƙa bakin da tiyon lagireto yake shiga: a waje ruwan sanyaya inji mai launi suke zubawa, na Toyota ja ne ko ruwan hoda, yana barin ciki fes. Mu kuwa ruwan rijiya muke ɗurawa, shi ya sa za ka ga jar tsatsa da ɓawo. Wannan fenti ba ya ɓoye shi. Dubi kawunan notuna ko sifana ta cinye su, dubi gefen kaskon mai ko gam ya tsattsafo kamar an matse man goge baki, alamar an buɗe ke nan. Wayoyin injin waje yanka ɗaya ake yi musu wajen cirewa, ba za ka ga ƙulle-ƙulle da salatif ba. Sa yatsa a lungun da burushi ba ya kaiwa, in jar ƙasarmu ta fito, ka gama samun amsa. Ni yanzu inji mai ƙyalli tsoro yake ba ni fiye da mai ƙura.

Sannan ka karanta abin da aka buga a jikin bulok da idonka. 1TR mai lita 2.0 ne, 2TR mai lita 2.7, kuma a ido sun yi kama ƙwarai, wanda bai sani ba sai a ba shi ƙaramin a kuɗin babban, sai ya yi lodi zai gane. Lambar nan a rubuta ta a rasit, da sunan mai sayarwa da lambar rumfarsa, kuɗin kuma ya shiga asusun mai wannan sunan. Lambar inji tana cikin takardun motarka, in ka canza ba ka da shaidar inda ka samo, ranar da aka ce injin na sata ne kai za a riƙe.

Kada ka yarda da injin da aka tayar kafin ka zo. Taɓa shi ka ji shi da sanyi, a zare sandar gwajin mai ka murza a yatsa ka shinshina. In da hali a juye man a gabanka a zuba wanda ka sayo. A sa gejin kwamfireshan, mai auna ƙarfin matsin silinda, a silinda huɗun, lambobin su zo kusa da juna, in ɗaya ta faɗi ƙasa sosai ka tashi. Wanda ya ƙi a yi wannan, ko ya fara cewa wani yana hanya daga Gusau, ya riga ya faɗa maka abin da yake sayarwa. Ka je da bakanikenka, ba nasu ba. Ka riƙe wani kaso na kuɗin sai motar ta yi sati biyu tana ɗaukar kaya. Tsohon injinka kuwa ya kwana a gidanka har garanti ya ƙare, ko nawa aka ce za a rage.

Kuma kafin duk wannan, ka tambayi kanka ko injin ma yana buƙatar canji. Taimin ɗin 2TR da kaca yake aiki, ba bel ba, inji ne mai jimiri wanda Toyota ta sa a Hilux da Prado. Yawan kilomita kaɗai ba ya kashe shi. Abin da ke kashe shi jabun mai ne, da jinkirin juye, da zafin da aka bari ya ƙona gaskit. Hayaƙi shuɗi mai yake ƙonawa, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ya shiga, baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, kuma kowanne yana da gyaransa da bai kai kuɗin inji ba. Injin da ka san tarihinsa, ka san ranar da ya taɓa zafi da man da yake sha, ya fi wanda ba ka san inda ya kwana ba.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda da rasit da shaidar tura kuɗi da bidiyon biyu, a can na tarar da wani mai ɗaukar burodi da ya riga ni da irin wannan takardar. In kai ma an yi maka, kada kunya ta sa ka yi shiru. Adana saƙonnin, ɗauki hoton shafin kafin su goge, ka je ka shigar da naka, domin asusun da kuɗin ya shiga yana da mai shi.

Motata tana gareji yau wata na biyu, dattijon yana haɗa mini wani a hankali, gwargwadon abin da na samu. Masu shaguna uku sun koma wurin wani. In kun ga bidiyon 2TR mai ɗinkin walda a karkace a ƙarfen altaneta, kada ku saya. Silinda ta uku ba ta da ƙarfi, kuma lita guda na mai yake sha duk kwana uku.