Gidan gashin da na kai wuyana: awon farko ya burge ni, sauran kuwa sai haƙuri

Masu tambayata ko gidan gashin nan na kuɗi da na je, wato asibitin gashin ƙashi da tsoka, ya ci kuɗinsa, ga amsata a rubuce. Ba zan kama sunan wurin ba, domin a bakina akwai yabo akwai ƙorafi.

Ni tela ne a nan cikin garin Sakkwato, surfani nake yi a keke. Wanda ya san sana'armu ya san yadda muke kwana a duƙe tun daga tsakiyar azumi har daren Salla. A wannan tsakanin wuyana ya riƙe ta ɓangaren dama, ciwon ya taso daga ƙasan ƙeya ya gangara har saman allon kafaɗa. In zan sallame salla sai na juya da ƙirjina gaba ɗaya. In ina kan mashin wajen shataletalen Gawon Nama ba na iya waiwayen 'yan kabu-kabun da ke bayana, sai dai in dogara da madubi da addu'a. Na shafa man zafi, na sha ƙwayoyin kemis, wanzami ya yi mini ƙaho. Kowa a layinmu da nasa hasashen, wannan ya ce hawan jini ne tunda ƙeya ce, wancan ya ce sanyin fanka ne ya shige ni.

Likitan da na samu ranar farko matashi ne, ba zai kai ni shekaru ba. Na ɗauka kwantar da ni zai yi ya kunna mini jar fitilar nan da kowa ya san gashi da ita. Sai ya jawo kujera ya zauna gabana ya ce, "Malam, ba ni labari. Yaushe wanga ciwo ya hwara, kuma mi ka tada shi?" Ya tambaye ni ko na faɗi ko na yi hatsari, ko jiri yana ɗibata in na ɗaga kai, ko abu yana suɓuce mini daga hannu, ko maɓallin riga ya fara gagarata, ko ƙafafuna suna harɗewa in ina tafiya. Ya auna jinina, ya ce lafiya lau yake. Maganar zazzaɓi ce ya fi nanatawa: akwai zafin jiki, akwai ciwon kai mai tsanani, akwai amai, haske yana damun idona? Duk wanda ya ga sanƙarau ɗin da ya ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi a 2017 ya san dalilin tambayar. Ya ce wuyan da ya sage tare da zazzaɓi ba na gidan gashi ba ne, na gaggawa ne, kuma shi da kansa zai tura mutum asibiti a take. Tun daga nan hankalina ya fara kwanciya da shi.

Daga nan ya ce in zauna yadda nake zama a kan keken ɗinki. Ya karɓi wayata ya ɗauke ni hoto ta gefe, ya nuna mini. Kunnena ya wuce kafaɗata sosai ta gaba, haɓa ta tsere, doron baya ya fito. Ya ce kan babban mutum yana kai wajen kilo 5, kuma duk yadda ya ƙara zuwa gaba, tsokokin bayan wuya ne suke ɗaukar wahalar riƙe shi wuni guda.

Sai awon motsi. Ya sa na kai haɓa ƙirji, na kalli rufi, na kai kunne kafaɗar dama da ta hagu, na waiwaya nan da can. Bai tsaya kan kallo da ido ba, ya ɗauko wani ma'auni na roba mai hannu biyu, ya tsaya a bayana ya ɗora tsakiyarsa a tsakar kaina, hannu ɗaya yana bin hancina. Hagu na kai digiri 70, dama kuwa a 45 na tsaya cak saboda zafi. Ya ce lafiyayyen wuya yakan kai kusan 80 kowane gefe. Kwantar da kunne zuwa hagu ma ya gaza, domin ɓangaren dama yana ja. Duk ya rubuta a fayil ina kallo. Da ya kwantar da ni a gado ya ce in sakar masa kaina gaba ɗaya, sai ga shi ya juya shi ya wuce inda ni na iya kaiwa a zaune. Ya ce wannan alama ce mai kyau, ta fi nuna tsoka ce ta ƙage, ba gaɓa ce ta toshe ba. Ya ƙara da cewa ƙasusuwan wuya 7 ne, kuma kusan rabin waiwayen da mutum yake yi tsakanin na farko da na biyu yake faruwa, can sama daf da ƙoƙon kai. Don ya gwada wannan gaɓar ita kaɗai, sai ya lanƙwasa wuyana gaba har ƙarshe sannan ya juya kan a hankali. Ta tafi daidai ta kowane gefe.

Gwajin ƙarfi shi ne abin da ban taɓa ganin an yi wa kowa ba. Ya sa tafin hannunsa a kumatuna na hagu ya ce in juya hagu in ture shi, ya kama yatsana ya ɗora a gefen wuyana na dama. Sai na ji wata doguwar tsoka ta miƙe ta fito, tun daga ƙashin da ke bayan kunne har zuwa saman ƙirji. Ashe tsokar dama ce take juya fuska hagu, ta hagu kuma take juya ta dama. Ya danne kafaɗuna ya ce in ɗaga su sama da ƙarfi, wannan kuma gwajin faffaɗar tsokar nan ce da ta taso daga ƙeya ta bazu kan kafaɗu ta gangara tsakiyar baya. Ya ce su biyun jijiya ɗaya ce take ba su umarni, ta 11 cikin jijiyoyi 12 da suke fitowa daga cikin kai ta kowane gefe, shi ya sa ake gwada su tare. Maki yake bayarwa daga 0 zuwa 5: sifili tsoka ba ta ko motsi, 3 tana iya ɗaga gaɓa amma ba ta jure a danne ta, 5 cikakken ƙarfi. Ya tura goshina, ya tura ƙeyata, ya tura gefe da gefe, kowanne ina riƙewa yana rubutawa.

Na yi mamaki da ya koma kan hannuwana alhali wuya na kawo. Ɗaga damtse, lanƙwasa gwiwar hannu, miƙe ta, damƙe yatsunsa, ware nawa yatsun yana matse su. Ya buga 'yar gudumar roba a gaban gwiwar hannu da bayanta. Ya ce in rufe ido, ya shafa auduga a babban yatsa, da na tsakiya, da ƙaramin, yana tambaya ko ji ɗaya ne dama da hagu. Bayaninsa shi ne jijiyoyin da suke fita daga laka ta tsakanin ƙasusuwan wuya guda 8 ne kowane gefe, na ƙasan su ne suke tafiyar da hannu: ta 6 tana kai ji babban yatsa, ta 7 na tsakiya, ta 8 ƙaramin. Da ɗaya ta matsu, a yatsa za a gane wacece. Ya karkatar da kaina ɓangaren ciwon ya danna daga sama a hankali ya ce, "Ka ji wani abu ya harba cikin hannu?" Na ce a'a. Ya ce alhamdu lillahi.

Sai da ya gama duk wannan ya bi wuyan da yatsa. Yana isa kusurwar sama ta allon kafaɗa na zabura, har sai da na kama gefen gado. Ya ce ga mai laifin nan, tsokar da take ɗaga allon kafaɗa, daga gefen ƙasusuwan wuya huɗu na sama take tasowa ta sauka daidai wurin da ya danna.

Amma gwajin ƙarshe ne ya fi tsaya mini a rai. Ina kwance rigingine ya ce in ja haɓata ciki, in ɗaga kaina kaɗan daga gado, in riƙe a haka. Ya sa hannunsa a ƙarƙashin ƙeyata yana duba agogo. Ni da nake saɓa bandir ɗin shadda daga kasuwa ban ji komai ba, ban kai sakan 15 ba kaina ya fara rawa, haɓa ta kuɓuce ta yi sama, gumi ya keto mini. Ya ce lafiyayyen namiji yakan wuce sakan 30. Akwai wasu siraran tsokoki manne da ƙasusuwan wuya ta gaba, can bayan maƙogwaro inda hannu ba ya kaiwa, su ne suke daidaita kai. Nawa sun yi rauni, shi ya sa na waje suke aikin da ba nasu ba har suka ƙage. Ya dubi rigata ya ce, "Kai tela ne. Kamar shafi ne a cikin babbar riga, ba a ganinsa, amma in ya saki, rigar ba ta zama a jiki." Wallahi ban taɓa fahimtar ciwon jikina irin wannan rana ba. Na tambaye shi hoto fa? Ya ce a abin da ya gani babu buƙata, hoton ƙashi ba ya nuna tsoka, kuma mutane da yawa da suka haura 40 in aka ɗauke su za a ga alamun zaizayar ƙashi alhali babu abin da yake musu ciwo. Kuɗin hoto ya zauna a aljihuna. Ya koya mini motsa jiki, ya ce kada in sa kwalar wuya domin in ta daɗe tana ƙara kashe tsoka, kada kuma in bari kowa ya murɗe mini wuya don a ji ƙas, saboda jijiyoyin jini biyu masu zuwa ƙwaƙwalwa ta cikin ramukan gefen ƙasusuwan nan suke bi. Ya ce bayan 'yan makonni za a sake awo a kwatanta da na yau.

Da farin cikin wannan rana na biya kuɗin zama da yawa a dunƙule, kun dai san yadda suke yanka shi. Daga nan labari ya sha bamban.

Likitan nan sai ya zama kamar baƙo a wurin. Yau an ce yana wurin aikinsa na safe, gobe an ce ya yi tafiya. Yaran da ake bar mana su kwantar da kai, su kunna jar fitila, su manna maka wayoyin nan masu tsirar fata, su fita su bar ka. Ba wanda ya taɓa cewa nuna mini yadda kake motsa jikin da aka koya maka. In an ɗauke wuta sai a zauna jiran mai tada inji, mu kuwa muna kan benci a baranda cikin zafin Sakkwato da kowa ya sani. Wannan duk zan iya haƙuri da shi, gari ɗaya muke, mun san halin wuta.

Abin da ba zan yafe ba biyu ne. Mai karɓar kati ta ajiye kwalaben man shafawa da kwalar soso a teburinta, kuma duk mai ciwon wuya sai ta ce masa ai dole ne ya saya. Na ce mata likita ya hana ni, ta ɓata rai. Wani dattijo da ake kawowa daga wajen Wamakko ya gaya mini tun da ta sayar masa yake kwana da ita yake tashi da ita, ba wanda ya ce masa ya cire. Na ce, "Baba, in ka ga likitan ka tambaye shi da bakinka." Raina ya ɓaci ƙwarai, domin mutumin bai san akwai abin tambaya ba. Sannan wani yaro mai tausa, yana cikin murza mini kafaɗa, sai na ji ya tallabi haɓata da ƙeyata zai fizga. Na riƙe hannunsa na ce kada ya kuskura. Ya ce ai kowa yana so, in ya yi ƙara ne ake jin daɗi. A gida ɗaya, ƙarƙashin rufi ɗaya, wani ya gargaɗe ka wani kuma zai aikata maka abin da aka gargaɗe ka a kai.

Ranar da na nemi a sake mini awon da aka yi alkawari, sai aka shiga neman fayil. An duba durowa, an duba kabad, babu. Duk lambobin nan da aka rubuta ina kallo sun tafi. Wanda na samu ya ce in waiwaya, na waiwaya, ya ce, "Ai ka warke, Malam." Ko ma'aunin bai ɗauko ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, domin abin da ya sa na yarda da wurin tun farko shi ne ana aunawa, ba a cewa ai. Ga shi kuma babu mace ko ɗaya cikin masu yi wa marasa lafiya gashi, da na so kawo uwar ɗakina da kafaɗa take damu sai na fasa.

Gaskiya wuyan ya yi sauƙi sosai, ina sallame salla ba tare da na juya ƙirji ba, kuma ina waiwaye a kan mashin. Amma na san daga inda sauƙin ya zo. Jan haɓa ciki nake yi safe da yamma ina kwance, in riƙe in saki. In zauna in kama gefen kujera da hannun dama, in juya fuska hagu in kalli hammata har in ji wurin nan yana ja. Na rage tsayin kujerar keke, na sa ƙwan fitila daidai kan allura don in daina kai ido kusa, kuma duk rabin awa nakan miƙe in taka zuwa bakin shago. Duk a ranar farko aka koya mini su.

Wanda zai je, ya kira tukuna ya tabbatar likitan da kansa yana nan, ya biya na zama ɗaya kawai, kuma ya ɗauki hoton shafin da aka rubuta awonsa kafin ya fito. Ni kuɗin ragowar zaman da ban yi ba har yanzu suna hannunsu, an ce in dawo in mai wurin ya dawo daga tafiya.