Gini Ta Ce A'a, Nijar Ta Ce I

Ranar 28 ga Satumba 1958, Janar de Gaulle, shugaban gwamnatin Faransa a lokacin, ya ajiye wa ƙasashen da Faransa ke mulka zaɓi biyu a ƙuri'ar raba gardama: su ce i, su zauna ƙarƙashin inuwarta da ɗan ikon cikin gida, ko su ce a'a, su kama gabansu nan take.

Gini, bisa jagorancin Sekou Toure, ta zaɓi tafiya, ta sami 'yanci ranar 2 ga Oktoba. Faransa kuwa ta fusata, ta janye ma'aikata da tallafi, har kayan ofis aka kwashe. Sai da Nkrumah na Ghana ya agaza da bashin fam miliyan 10.

A Nijar, shugaban gwamnatin cikin gida Djibo Bakary da jam'iyyarsa Sawaba su ma a'a suka nema, amma gwamnan mulkin mallaka Colombani da yawancin sarakuna suka tsaya wa Faransa. I ta yi rinjaye, Bakary ya sauka, aka haramta Sawaba a 1959, Hamani Diori ya karɓi 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960 ba tare da ɓata da Faransa ba.

A ganina Gini ta fi jarumta, ta kuma fi shan wuya. Sai dai duka biyun mulkin jam'iyya ɗaya suka faɗa, na Gini har da kurkukun Boiro, inda ake tsare 'yan adawa.