Sharhi kan eSIM ɗin "data ba iyaka" da na tafi da shi Guangzhou

Da a satin farko na rubuta wannan sharhi, da tauraro biyar zan ba layin nan ba tare da dogon tunani ba. Ina maganar eSIM ɗin nan, wato layin waya da ake saka maka cikin waya ba tare da katin SIM ba, da ake ta tallarsa a zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa, wanda ake cewa datarsa ba ta da iyaka tsawon wata guda, kuma yana aiki a Chaina ba sai da VPN ba, wato manhajar da ake kewaye toshewar intanet da ita. Ba sai na faɗi kuɗinsa ko masu sayar da shi ba. Duk mai shiga Kwari ko Farm Centre ya san su, ya kuma san abin ba araha ba ne.

Da farko ya burge ni ƙwarai. Jirginmu na sauka a filin jirgin Baiyun na Guangzhou daga Addis Ababa na kunna waya, tun ban miƙe daga kujera ba saƙonni suka fara shigowa. Wanda bai taɓa zuwa ƙasar ba ba zai san darajar wannan ba. Tun 2017 aka toshe WhatsApp a can, Facebook tun 2009, Google ma ba ya buɗewa. A da sai ka isa masauki a unguwar Xiaobei ka shiga neman mai VPN ɗin da ke aiki, yau ya kama gobe ya ƙi, iyali kuma na gida sun yi jugum ba su san ko ka sauka lafiya ba. Shi wannan layi ta Hong Kong yake bi da datarka, shi ya sa toshewar ba ta shafe shi. Ina kan layin duba fasfo na tura wa maiɗakina saƙon murya, ta amsa nan take. Har a zuciyata na sa wa yaron da ya saka mini shi albarka.

Tafiyar gajera na shirya, ta zo ta yi tsawo. Masana'antar da ke buga mana atamfa ta kuskure launi a zane biyu, aka ce sai an sake. Ana cikin haka hutunsu na 1 ga Oktoba ya shigo, kusan mako guda ba wanda ke ɗaga waya. Suna dawowa kuma ga baje kolin Canton da ke buɗewa 15 ga wata, gari ya cika, kuɗin ɗaki ya tashi, kowace masana'anta hankalinta ya koma kan sababbin baƙi. In ka bar kayanka ka taho a irin wannan lokaci, abin da za ka tarar a kwantena Allah kaɗai ya sani. Dole na zauna, na kuma sabunta layin na wani watan. Na baro maiɗakina da tsohon ciki, lissafinmu zan dawo kafin ta sauka. Allah bai nufa ba. Haihuwa ta zo ina can, aka samu mace, uwa da 'ya lafiya.

Na rungumi ƙaddara a kan rashin halartar suna, na ce tunda akwai layin nan, zan gani da idona ko da ta waya ne. Muka tsara komai da ƙanena. Tsakaninmu da Kano awa 7 ne, Chaina ce a gaba, don haka raɗin suna da za a yi da misalin shida da rabi na safe a ƙofar gida ya faɗo ɗaya da rabi na rana a wajena. Ranar kuma ita ce ranar lodin kwantenata a wani sito da ke bayan gari. Na roƙi ejan ɗina ya tsaya kan ƙirgen dila na rabin awa, na koma gefe bayan wata mota na zauna a kan kwali.

Ƙanena ya kira a kan lokaci. Na ga tabarmi a shimfiɗe, na ga kawuna a zaune da carbinsa, ga tiren goro da dabino ana zagayawa da shi, ga ragon a ɗaure jikin darbejiyar ƙofar gida. Ya ce, "Yaya, kana gani? Ga Malam nan ya iso." Na ce ina gani. Liman ya gyara zama kenan, hoton ya tsaya cik a kan hannunsa, murya ta fara yankewa, sai rubutun nan na cewa ana ƙoƙarin sake haɗawa. Na kashe bidiyo na bar murya kaɗai, ita ma kalma ɗaya ta zo uku su ɓace. Na kashe waya na kunna, na fita tsakiyar fili cikin rana, sandunan sabis a cike, amma data na tafiya kamar ɗigon famfo da rani. Wi-Fi ɗin siton ba shi da amfani a wannan gaɓa, domin na cikin ƙasa ne, WhatsApp ba ya buɗewa a kansa.

Wani bawan Allah ɗan Maraɗi da ke lodin leshi a ƙofa ta gaba ne ya lura da yadda nake kai-komo. Ya tambaya, na faɗa masa. Bai ce komai ba ya buɗe mini data daga wayarsa. Kafin in haɗa in sake kira, an shafa fatiha. Abin da na tarar shi ne mutane na neman takalma, mahauci ya riga ya kwantar da rago. Sunan Hajiyarmu aka mayar wa yarinyar, ni na zaɓa, na kuma daɗe ina jiran ranar da zan ji an ambace shi a bainar jama'a an ce Allah ya raya. Ban ji ba. Ƙanena bai ɗauki bidiyo ba, saboda wayar da zai ɗauka da ita ce yake riƙe da ita yana ta kirana. Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wallahi na yi ta kira." Ba laifinsa ba ne. Na koma kan ƙirgen dila, ejan na faɗin lamba ina rubutawa, amma ban san me nake rubutawa ba.

Da dare na bi diddigin abin. Ashe "ba iyaka" ɗin nan yana da iyaka kullum: in ka ci wani adadi a cikin awa 24, sai su rage maka gudu zuwa abin da rubutu kawai zai iya wucewa. Kuma awa 24 ɗin ba daga sha biyun dare suke ƙirgawa ba, daga lokacin da aka fara kunna layin ne. Hirar da muka yi da maijego a daren jajiberin suna, da bidiyon samfura da na tura wa abokan ciniki da safe, duk rana ɗaya suka faɗa a lissafinsu. Babu wannan bayani a tallar. Mai shagon bai faɗa ba. Babu saƙon gargaɗi cewa ka kusa kai wa iyaka, babu wajen da za ka danna ka sayi ƙari nan take. Da akwai, ko nawa ne zan biya a wannan rabin awar. Na rubuta wa sashen kula da abokan hulɗarsu, na'ura ta yi ta maimaita mini amsa ɗaya da Turanci, wai in kashe waya in kunna. Mutum bai amsa ba sai washegari, shi ma haƙuri kawai ya bayar ya turo mini shafin sharuɗɗa. Na kira wanda ya sayar mini a Kano, ya ce, "Alhaji, ai kowa haka yake amfani da shi." To in kowa ya sani, me ya hana a faɗa wa mai saye?

Ba zan zalunce su ba, akwai inda layin ya yi mini rana. Da na hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Keqiao, babbar kasuwar yadi ta Shaoxing, tafiyar awa shida zuwa bakwai, bai yanke ba sai a cikin ramukan duwatsu. A hanyar nan babban ɗana ya biya mini haddarsa ta Islamiyya, ina gyara masa inda ya yi tuntuɓe. Ranar Juma'a kuma, bayan an sauko daga masallacin da ake danganta wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas, na zagaya da kyamara na nuna wa yara dandazon Larabawa da 'yan Afirka da Musulmin Chaina, ƙaramin yana tambayata ko nan ne Makka. Wanda ya kwana shi kaɗai a ɗakin otal makonni, agogonsa da na iyalinsa ba su taɓa daidaita ba, sai ya hana idonsa barci har ɗayan dare don ya same su bayan la'asar, ya san abin da irin wannan kira ke yi wa zuciya. Saboda irin waɗannan kiraye-kirayen na so in bar sharhin a tauraro uku.

Amma ina tuna wannan sai wani abin ya taso mini. Layin data ne zalla, ba shi da lamba, ba ka kira ba a kiranka. Hajiyarmu ƙaramar waya mai tocila gare ta, ba ta san WhatsApp ba, ba kuma za ta koya yanzu ba. Duk tsawon zaman nan ban iya gaishe ta kai tsaye ba sai ƙanena ya tashi daga kasuwa ya je gidan. Ranar da aka yi mata takwara, ita ce ta fi kowa cancantar in kira da bakina in yi mata barka, sai da aka kwana aka wuni kafin na ji muryarta. Ta ce, "Ɗan nan, tun jiya nake sauraron kiranka." WeChat, manhajar hira ta Chaina da ake cewa a koma masa, buɗe shi a gida sai an samu mai tsohon asusu ya tabbatar da kai, maijego ba ta da wannan sukunin. Haka lambar sirri da banki ke turowa ta saƙon tes ba ta zuwa ta wannan layi, dole ka bar layinka na gida a kunne yana cin kuɗin yawo, ga wanda ka riga ka biya.

Tauraro biyu nake ba shi. Duk wanda zai saya, ya sa mai shagon ya nuna masa a rubuce giga nawa ne a rana kafin a rage gudu, da ƙarfe nawa ranar ke sabuntawa, tun kuɗi na hannunsa. Na nemi su mayar mini da kuɗin wata na biyu, har na dawo Kano, har kwantenar ta iso Legas, ba su ce komai ba.