Wasiƙa zuwa ga Yaya: yadda ake shiga sinima a Birmingham

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fata kana lafiya, da Inna da Anti da yaran gida duka. Mu ma nan lafiya ƙalau, sai sanyi da ya fara leƙowa.

Na saurari saƙonka a kan maganar gidan kallon ƙwallo, cewa kana so ka gyara ɗakin baya ka riƙa haska finafinan Hausa da na Indiya a ranakun da ba a buga wasa, har ka ce in ba ka labarin yadda Turawa ke tafiyar da nasu. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. Akwai abin da ya burge ni, akwai wanda har yau bai kwanta mini ba, kuma duka zan faɗa maka.

Tikiti a waya ake sayensa tun mutum yana gida. Za a nuna maka zanen ɗakin, ka danna kujerar da kake so, layi kaza lamba kaza, ta zama taka. Ko ka makara ba wanda zai hau ta, in ma ka tarar da wani a kai, kana nuna masa wayarka zai ba ka haƙuri ya tashi. Kuɗin yana hawa yana sauka, gwargwadon gidan da ranar da lokacin, daga wajen fam 5 zuwa fam 15. Manyan kamfanonin uku ne, Odeon da Vue da Cineworld, kuma shi Odeon a nan garin ya samo sunansa, a unguwar Perry Barr, a 1930. Wasu cikinsu suna da katin wata: ka biya sau ɗaya, ka shiga iya son ranka har watan ya ƙare. Wannan dabara ce da za ta karɓe ka, tunda kana da samarin da kullum suna wajenka.

Inda kuɗi yake kuwa shi ne wajen ƙwalama. Babban kwalin gugguru da kofin lemo sukan kai kuɗin tikiti, wani lokaci su wuce. Dalili, kaso mai tsoka na kuɗin tikiti masu fim ke ɗauka, ribar gida tana cikin abin da baki ya tauna. Kai da kake da gyaɗa da zoɓo da kunun aya a hannu, ka sa wannan a lissafi. Mu Musulmi a nan sai da lura, don alewoyin nan masu tauri kamar roba da ake ɗiba da cokali, da yawansu akwai sinadarin alade a ciki, wasu gidajen kuma har giya suke sayarwa a shiga da ita. Ni dai gugguru da ruwa nake saya wa yara.

Lokacin da aka rubuta a tikiti ba shi ne lokacin fara fim ba. Sai an sha tallace-tallace da ɗanɗanon finafinan da ke tafe, minti 20 ko fiye. Mukan ci moriyar wannan mu yi salla a nutse, musamman da hunturu da magariba ke faɗowa wajen ƙarfe 4 na yamma. Daga nan allo ya yi baƙi, a nuna takardar hukumar tace finafinai ta ƙasar, wadda ake kira BBFC, da aka kafa tun 1912. Takardar tana ɗauke da sunan fim, da shekarun wanda ya halatta ya gani, da abin da ke ciki a taƙaice: zagi ne, faɗa ne, tsiraici ne. Alamar U ta kowa ce. PG sai iyaye sun duba. 12A yaron da bai kai 12 ba sai da babba a tare da shi. 15 da 18 kuwa ba roƙo ba alfarma, ko da ubanka ka zo. Na ga wata 'yar budurwa ma'aikaciya a bakin ƙofa ta tsayar da samari da suka fi ta tsawo, ta ce su nuna katin shaida. Ba su da shi. Ta ce su je a canja musu wani fim ɗin ko a mayar musu da kuɗinsu. Suka yi ƴan gunaguni suka juya. Ba sanda a hannunta, ba ɗan sanda a kusa. Tsarin ne ya tsaya mata, don kowa ya san gidan zai iya rasa lasisinsa in ta bar su suka wuce. Ba na cewa ma'auninsu namu ne, akwai fim mai 12A da ba zan bar ɗiyata ta gani ba. Amma aƙalla an faɗa mini abin da ke ciki kafin in biya.

To, sai a kashe fitila. A nan ne abin ya fi ba ni mamaki, Yaya. Ɗaki cike da mutane, amma tsit, ba ka jin komai sai ƙaras-ƙaras ɗin gugguru. Jarumi ya kuɓuta daga halaka, ba tafi ba sowa. Mugu ya sha kashi, ba wanda zai ce Allah ya ƙara. In abin dariya ne za a yi ta a taƙaice a koma shiru. Wata rana aka zo wurin da uwa ta rasa ɗanta, ban san lokacin da na ce "Innalillahi" da ƙarfi ba. Wata dattijuwa a layin gabana ta waiwayo, ba ta ce uffan ba, ta dube ni ta mayar da kanta. Haka suke tsawatarwa, da ido, ko da ɗan gyaran murya. Sai abin ya kai maƙura wani zai fita ya kira ma'aikaci. Wanda zai wuce ta gabanka ya tafi bayi, a sunkuye zai bi yana ba da haƙuri cikin raɗa. Dogo yakan zame cikin kujera don kada ya tare wa na baya. Wannan kula da haƙƙin na kusa da kai na yaba masa ƙwarai, kuma ina ganin addininmu ya riga su faɗa. Amma shirun kansa akwai kaɗaici a cikinsa. Ku zauna awa biyu kafaɗa da kafaɗa da mutum, ku ji tsoro tare, ku yi hawaye tare, a kunna fitila kowa ya ɗauki rigar sanyinsa ya fice ba ko sannu.

Kada ka ɗauka duk haka suke. Waya ta ɓata tarbiyya a nan ma. Kafin kowane fim sai an roƙi mutane su kashe, amma ba a rasa mai latsawa, kuma a cikin duhu hasken waya ɗaya ya isa ya ɗauke hankalin layi uku. Ɗaukar fim da waya laifi ne da za a fitar da mutum a kai. A 2022 sai da wasu gidajen suka hana matasa masu sanye da kwat shiga wani fim ɗin zane, saboda yayin da suka ɗauko a TikTok na zuwa gungu-gungu suna ihu da jife-jife. Kuma in ka ga yadda wasu ke barin ƙasan kujera, gugguru a warwatse da kofuna a kife, don sun san akwai mai shara, ranka sai ya ɓaci.

Inda nake samun sa'ida shi ne ranar fim ɗin Indiya. Akwai wani katafaren wuri da ake kira Star City, an buɗe shi a 2000 da ɗakunan kallo 30, kuma ba ya rabo da finafinan Indiya saboda yawan 'yan Pakistan da Indiya da Bangaladash a unguwanni irin su Alum Rock da Small Heath da Handsworth. Ranar da sabon fim ɗin babban jarumi ya fito, yana bayyana a allo sai fito da tafi su kaure. Tsofaffi mata da mayafansu, jikoki a cinya, ana fassara wa kaka abin da ya wuce ta. Fim ɗin yakan zo da hutun rabin lokaci, a fita a miƙe ƙafa a yi ta muhawara a kan wanda zai auri yarinyar. Gini ɗaya, kujeru iri ɗaya, ma'aikata su ne dai, amma ɗaki na 3 tsit, ɗaki na 4 ana shagali. Daga nan na gane cewa shiru ba shi ne ladabin ba. Ladabin shi ne kowa ya san irin ɗakin da ya shiga, kada ya ɓata wa sauran abin da suka biya kuɗi dominsa.

A wannan ɗakin nake tuna ka. Ka tuna lokacin da kake sulalewa bayan isha ka tafi sinimar Plaza ko ta Orion, ka dawo ka haura katanga don kada Baba ya ji ƙarar ƙyaure? Da safe muna wanke-wanke kana tsugune kana ba mu labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe, da waƙoƙin da faɗan, har da yadda fili ya ɗauki ihu da aka yanke wani wuri, da yadda aka watse da ruwan sama ya sauko tunda ba rufi. Ni duk sinimar Kano a bakinka na gan ta. Ban taɓa taka ƙofarta ba, kuma ko a mafarki ban nema ba, don mun san sunan da ake kiran macen da aka gani a can. Wannan tabon ya daɗe. Tun da aka buɗe Rex a Sabon Gari a 1937 ake ganin sinima wurin 'yan iska ce, kuma da aka kawo Palace cikin birni kusa da kasuwar Kurmi a farkon shekarun 1950, har jifan masu shiga aka riƙa yi. Ga hayaƙin taba, ga 'yan daba, ga duhu. Iyayenmu ba su yi laifi ba da suka hana mu. Amma sakamakon shi ne, mu matan da muka fi kowa kallon fim ɗin Hausa a ɗakunanmu, mu ne ba mu da wurin zama a gaban babban allo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a nan shi ne yadda suka yi wa kowa gurbi. Da safe a ranakun aiki akwai nuni na masu jego: a rage ƙarar sauti, a bar fitila da ɗan haske, jariri ya yi kukansa ba mai harara, uwa ta shayar da shi a kujerarta. Akwai na kurame, da rubutun maganar a ƙasan allo. Makaho ana ba shi abin sawa a kunne, wata murya tana gaya masa abin da ke faruwa. Akwai nuni na yara masu lalurar galahanga, inda aka yarda su tashi su zaga su yi surutu. Mai keken guragu yana da filinsa, akwai kuma katin da ke ba mai rakiyarsa damar shiga kyauta. Taba kuwa doka ta hana sha a cikin irin waɗannan gine-gine tun 2007. Babu ko ɗaya a nan da ke buƙatar injin miliyoyi. Ware lokaci ne, da tsayawa a kan magana.

Don haka in za ka ji ta tawa, ka ware ranar mata da yara zalla, da rana tsakanin azahar da la'asar ko bayan la'asar zuwa kafin magariba, mace a ƙofa, mace mai sayar da kaya, bayi mai tsabta da ruwa, da tabarmar salla a gefe. Ka rubuta a allo a waje abin da fim ya ƙunsa da shekarun da ya dace da su. Ka je Hukumar Tace Finafinai ka yi takardunka tun kafin ka sayi kujera, ka kuma sami mai unguwa da limamin masallacinku ka nuna musu tsarin da bakinka. Samari kuma kada ka ce za ka hana su sowa, ba za su hanu ba, kuma rabin daɗin ke nan. Ka hana taba da ƙwaya da zagi da haska waya, wanda ya karya a fitar da shi ko ɗan wane ne.

Sai maganar ƙofa, wadda ita ce ta hana ni barci tun da na ji saƙonka, don na san ɗakin bayan nan ƙofa ɗaya gare shi. A nan kowane ɗakin kallo yana da ƙofofin gudu, da koriyar fitila a samansu wadda ba ta mutuwa ko an ɗauke wuta, kuma waje suke buɗewa da zarar an tura ƙarfen da ke jikinsu. Da rayuka suka sayi wannan darasin. A ranar ƙarshe ta 1929, a garin Paisley na Sikotland, hayaƙi ya tashi a wata sinima cike da yara, suka ruga ƙofa suka tarar ba ta buɗuwa, yara wajen 70 suka mutu a turmutsutsu. Mu ma muna da namu: gobarar sinimar El-Duniya a Kano a watan Mayun 1951, wadda ta ci fiye da mutum 300. Don girman Allah, Yaya, ka fasa bangon gabas ka fitar da ƙofa ta biyu mai faɗi, kada a taɓa sa mata kwaɗo muddin da mutum a ciki, janareta da jarkokin mai kuma su koma can nesa da ita. In kuɗin aikin ne ya tsaya maka, mun yi magana da maigidan, za mu aiko da na birkila da na ƙofar a ƙarshen wata. Ka turo mini awon bangon da hotonsa.

A gaishe mini da Inna da kyau, a ce mata maganin ƙafarta yana hanya.

Ƙanwarka.